Aikin Rumbun Baba

Assalamu alaikum Inna,

Ina fata kuna lafiya, da Baba da su Musaddiq. Ni ma lafiya lau nake a Zariya.

Kin tuna awon zafin rumbunmu da Baba ya taya ni da na zo Daura hutu? Wata biyu ina lissafinsa a kwamfuta, har ta nuna yadda zafi ke ratsa bango awa bayan awa. Firdausi ta gidan Malam Kabo ta karɓa, wai za ta duba. Jiya ta kai shi gasar kimiyya da sunanta, ta ce rumbunsu ne, ta zo ta ɗaya. Ina wurin.

Kada ki faɗa wa Baba tukuna. In babarta ta shigo miki da albishir, ki yi mata barka kawai.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki,
Raihana