Jirgin Baba Yana Ƙarƙashin Ruwa

Zuwa ga ƙanena Ummaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Ka san ban yi boko ba. Ɗiyata Hajo ke rubutawa, na kuwa hana ta gyara mini magana. Ta ce in ta sa a waya kowa zai gani. Su gani.

Wani mai kai albasa kudu ya dawo Argungu, ya ce ya gan ka a garin nan naku na bakin teku. Na zaunar da shi na yi ta tambaya. Ya ce gari ne ɗan ƙarami, ko'ina ƙarnin kifi da gishiri, tsoffin ɗakunan ajiya na Turawa rufinsu ya yi tsatsa, awaki ke kwana ciki. Wai manyan jirage sun daɗe da komawa wata tasha, sai masunta suka rage, da tsoffi masu labarin da. Ashe abin da ka gudu ka bari, shi ka je ka tarar.

Ka tuna mashigarmu muna yara? Jirage su taso daga Yawuri da goro, su koma da shinkafa da busasshen kifi. Nufawa, Zabarmawa, kowa da yarensa, kuma ciniki ya faɗa. Ranar kasuwar Gulma, Baba ba ya ganin tuwo sai la'asar, don yawan masu fito.

Sai aka yi gada, aka zuba kwalta, motoci suka kwashe kayan. Ka ce gulbi ya mutu, za ka inda ruwa ba ya ƙarewa. Ba ka yi mini sallama ba, Ummaru. A bakin matar maƙwabci na ji. Ban manta ba.

Amma ba wannan ya sa na aiko ba.

Ka san yadda muke yi da jirgin Baba. In rani ya yi, a loda masa duwatsu a nutsar da shi, kada rana ta tsaga itacen. Kafin damina a fiddo shi. Aikin mutum biyu ne, ɗaya gaba, ɗaya baya. Kana nan tsaye Baba ya ce, "Kada ku bar bare ya ɗaga muku shi, ku biyu kun isa."

Tun tafiyarka ni kaɗai nake yi. Bana na nutsar da shi, na koma ɗagowa, bayan jirgin ya ƙi tasowa. Sau uku ina shiga ruwan nan. Maƙwabta sun zo da igiya, na kore su. Mijin Hajo ya tuɓe riga, na ce ya mayar da abarsa, shi suruki ne. Sun ce taurin kai gare ni. Na ji.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa gabas. In gulbi ya kawo, yashi zai binne jirgin, ko wurin ba za a ƙara ganewa ba.

Ban ce ka dawo ka zauna ba. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, na gaji da jiran wannan. Ka zo ka kama baya, in kama gaba, mu ci tuwo, ka koma. In ba ka zuwa, ka aiko ka faɗa mini da bakinka, in daina zuwa bakin gulbi ina duba sama. Ni dai ba zan kira kowa ba.

Allah Ya jiƙan Baba da Inna. Allah Ya ba ka lafiyar tafiya, Ya riƙe ruwan nan har ka iso.

Naka yayanka,
Bawa mai fito, Argungu