Ƙuri'ata a Kan Makarantar Tsibiri

12 ga Disamba

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya gwiwar? Don Allah ka bar wa maƙwabta sharar ƙanƙarar ƙofar gida, kada ka fita da shebur.

Baba, gara ka ji daga gare ni kafin jarida ta iso. Jiya mun zauna a majalisar ƙaramar hukuma kan kasafin ilimi, aka yanke za a rufe makarantar tsibirinmu a watan Yuni, yaran su riƙa zuwa ta cikin gari a jirgin ruwa. Ƙuri'a sha uku da sha biyu. Ina cikin sha ukun.

Ban manta shekara talatin da huɗu ka yi kana koyarwa a can ba. Amma yara tara suka rage, kuma abin da gwamnati ke kashe wa kowannensu ya ninka na ɗan gari sau uku. Makon jiya na leƙa makarantar unguwar ma'aikatan kamfanin kifi a nan cikin gari. Yara talatin da ɗaya, malama ɗaya, Tordis. Na ga wata yarinya, shekararta tara, har yau ba ta iya haɗa kalma ba. Tordis ta ce, "Ina sane da ita, Ragnhild. Minti goma ban taɓa samu na zauna da ita ba."

Da na ɗaga hannu a majalisa jiya, Arnfinn mai jirgin fito ya ce daga kujerun 'yan kallo, "Wai 'yar Malam ce wannan?" Tun jiya abinci ya ƙi shiga.

In ka yi fushi ka faɗa mini. Shirunka ne ba zan iya ɗauka ba.

Taka har kullum,
Ragnhild

20 ga Disamba

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin nan bai taɓa ka ba. Wasiƙarka ta zo, a tsaye na karanta ta.

Ka ce lissafina daidai ne, amma ban sa Ylva a ciki ba, 'yar shekara shidan nan da ke amai duk sanda ta hau jirgi, ga shi za ta riƙa yin minti arba'in a kan ruwa safe da yamma. Gaskiya ne, Baba. Ko sunanta ban sani ba. Na ji kunya.

Sai kuma na kai inda ka ce kai za ka riƙa raka yaran a jirgi, tunda sun san ka. Nan na zauna, na yi kukana. Na yi magana da ofishin jirgin, sun yarda, za su keɓe muku kujerun ƙasa inda jirgin bai cika girgiza ba.

Ka ce ba ka huce ba tukuna. Ba komai. Ina tafe ranar ashirin da uku da garin kofin da kake so, sai ka ƙarasa yi mini faɗan ina zaune kusa da kai.

'Yarka mai ƙaunarka,
Ragnhild