Abin da Makirufo Ya Kwasa

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni dai alhamdu lillahi.

Kin tuna tsohuwar kwamfutar da kika ba ni? Na cire manhajar da ke tafiyar da ita, na ɗora irin ta masu haɗa sauti. Na sha fama kafin ta yarda da makirufo. Sai in yi ta magana, ita kuwa ko gezau. Da na rasa dabara, na ƙure ƙarfin ɗaukar murya, sai ga layi yana rawa a allo. Don murna, na ɗauki gaisuwa na tura wa Inna, ban ko saurara ba.

Jiya na saurara, Yaya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Komai ya fito: tarin maigadin da muke karɓa-karɓar katifa da shi, rigimar layin banɗaki, har da mai gidan haya yana dukan ƙofa. Ni da na ce mata ni kaɗai ne a ɗakina, har da situdiyo!

Kada hankalinki ya tashi, wurin ba laifi, cunkoso ne kawai. Ki dai sa ni a addu'a.

Inna ba ta tambaye ni komai ba. Saƙo ta turo cewa muryata ta fito tangaram, kuma in ce wa mai tarin ya riƙa shan ruwan ɗumi da zuma.

Na saya masa zumar. Inna ce har yanzu na kasa kira.

Ƙaninki.