Na Fake da Alkunya, Na Ƙi Amsa Kiran 'Yata a Layin Awo

Anti Maimunat, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, domin abin da ke cina ko mijina ban iya gaya wa ba. Ki sakaya sunana.

Ni 'yar Katsina ce, aure ya kawo ni Abuja. Ina karatun digiri na biyu a fannin abinci mai gina jiki, bincikena kuma a kan ƙibar yara 'yan firamare ne: me suke ci, wa ke ba su, ta yaya ake ba su. Ni da abokin karatuna Simon muke zagaya makarantu da sikeli da tef ɗin awo, tun daga Karmo har makarantun kuɗi na wajen Jabi, inda yaro ke haki in ya hau bene hawa ɗaya. Ba yabon kai ba, na iya aikin. In na tsaya gaban iyaye ina bayanin illar lemon kwali da biskit da matsa wa yaro sai ya cinye kwano, har tafi ake yi mini.

To ashe laifi tudu ne. Ina da 'ya ɗaya, Luba, shekararta bakwai, kuma duk abin da nake wa'azi a kansa yana zaune a falona yana kallon katun. Tun rasuwar Baba, mahaifiyata Hajiya ta dawo wurinmu, ita ke riƙe da Luba in na fita. Hajiya ta taɓa rasa ɗa, ƙanena Nababa. Bayan yaye ya fara ramewa, gashinsa ya yi ja, ƙafafu suka kumbura, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga nan, a wurin Hajiya yaron da ake ganin ƙashin wuyansa yana bakin kabari ne. Takan cika wa Luba kwano fal, ta zauna a gabanta tana cewa, “Cinye, ƙawata, albarka tana ƙasan kwano.” In na yi magana sai ta ce wannan ai kumari ne, in daina yi wa yarinya baki.

Amma kar in ɗora wa tsohuwa komai. Ni ma in na dawo a gajiye, na tuna yau ko gashinta ban taje ba, sai in tsaya a Jabi in sayo mata shawarma da askirim, in wanke laifina da su. Abin dariya, babanta dillalin kayan marmari ne a Zuba. Kankana da gwanda da lemo har ruɓewa suke yi a kicin ɗinmu.

Makonnin baya aka fitar da makarantun da za mu auna ta hanyar ƙuri'a, sai ga makarantar su Luba a ciki. Kamata ya yi in gaya wa malamar da ke duba aikina. Na yi shiru. Na ce a raina zan zauna a teburin rubutu in sa takunkumi, Simon ya yi awon, a wuce wurin. Ranar kuwa sai ga malamar da kanta, har da baƙi biyu daga wata jami'a.

Ina cikin rubutu na ji muryarta daga cikin layi: “Mami! Mami!” Na ɗaga ido na hango ta, rigar makaranta ta ɗame ta, tana ɗaga hannu tana tsalle, tana nuna wa ƙawayenta ni. Anti, sai na mayar da kaina kan takarda. Ta kira, ta sake kira, ban ɗago ba. Da layi ya zo kanta ta hau sikeli, wasu yara suka ƙyalƙyale da dariya, Simon ya karanto nauyin, ni kuma na rubuta da hannuna. Ita ba sikelin take kallo ba, ni take kallo.

Simon, da Hausarsa ta Abuja, ya ce, “Madam, wannan yarinya ya ce kai ne mamanshi fa.” Kowa ya juyo. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na yi 'yar dariya na ce e, 'yar fari ce, mu kuwa ba ma amsa wa ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ma kamawa, alkunya ke nan. Malamar Bazazzagiya ce, sai ta gyaɗa kai tana yaba mini, wai 'yan zamani kaɗan ne suka riƙe wannan. Har bayani ta yi wa baƙin. Ni da nake kiran sunan Luba tun safe har dare, har Hajiya na yi mini faɗan rashin ta-ido! Wallahi ba alkunya ba ce. Kunyar jikinta na ji. Ban so a ce mai binciken ƙibar yara ga 'yarta nan ta fi kowa nauyi a aji ba.

Luba ba ta kai ƙarata wurin kowa ba, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Ta daina cin abinci a gabana, sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗakin Hajiya. Na tsinci ledojin biskit a ƙarƙashin matashin Luba. Shekaranjiya a mota, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, “Mami, in kin sake zuwa makarantarmu, in yi kamar ban san ki ba?” Sai na ƙara sautin rediyo.

Yanzu in na buɗe kwamfuta ba na iya rubuta ko layi ɗaya. Ina jin kaina munafuka. In ajiye karatun ne? Ta yaya zan yi wa Hajiya magana ba tare da na tono mata kabarin ɗanta ba? Kuma da wane ido zan kalli yarinyar nan?

Taki cikin damuwa,
Uwar da ta sunkuyar da kai

*

Wa alaikumus salam, 'yar uwa.

Kin jero tambayoyi uku, amma kin sa mafi girma a ƙarshe. Daga can za mu fara, domin ƙiba tana iya jiran wata guda, zuciyar yarinya ba za ta jira ba.

Kin riga kin san bambancin abin da kika yi da alkunya, ba sai na tsawaita ba. Iyayenmu da ba sa kama sunan ɗan fari, kunyar mutane suke ji a kan son da suke yi masa, kuma yaron ya sani, don yana ganin inda tsokar nama take faɗawa. Ke kuwa kunyarta kika ji, kika ari rigar al'ada kika lulluɓe. Malama ta yarda, baƙi sun yarda, Luba ce kaɗai ba ta yarda ba, don ta san uwarta. Duk da haka ba zan kira ki muguwar uwa ba. Tsoro ne ya kama ki na ɗan lokaci a gaban manyanki. Muguwar uwa ba ta rubuto irin wannan wasiƙa.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki zaunar da ita ku biyu. Ki ce kin ji kiranta, kin ƙi amsawa, kin yi kuskure, ta yafe miki. Kar ki kawo zancen nauyi ko abinci a wannan zama ko da kalma ɗaya. In kika haɗa su, abin da za ta ji shi ne za ki so ta in ta rame. Ledojin biskit ɗin ma ki bar su tukuna. Yaron da ya fara ɓoye abinci ba kwaɗayi ne ke damunsa ba, kunya ce, kuma faɗa ƙara ta yake yi.

Sai Hajiya. Kar ki tunkare ta da takardun bincike, ba za ki ci nasara ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Duk lomar da take tura wa Luba, Nababa take ciyarwa. Ki tafi da ita wurin likitan yara ranar da za ki kai Luba, ta ji daga bakin wani cewa jikarta ba ta kusa da tamowa, abin tsoron ma yana ɗaya ɓangaren. Kuma kar ki yi yaƙi da maganarta ta albarka, gaskiya ta faɗa, ba a wulaƙanta abinci. Ki sayo ƙaramin kwano kawai, albarkar za ta zo kusa. In yarinya ta ce ta ƙoshi, a rufe sauran a ajiye. Ki roƙi Hajiya ta koya wa jikarta cin kwaɗon zogale da fate da ɗanwake irin na Katsina, za ki ga ta karɓi aikin da hannu biyu.

Shawarma da askirim kuwa naki ne, ba na Hajiya ba. Lokacinki yarinyar ke nema. Ki zauna ki yanka mata kankanar babanta ku sha tare, ku zaga unguwa da ƙafa da yamma. Abin da za a canza a canza wa gidan gaba ɗaya, kar a ware mata tukunya kamar mara lafiya. Maigidan ma ki gaya masa, 'yarsa ce.

Karatu ba za ki ajiye shi ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: ki je wurin malamarki ki gaya mata gaskiyar abin da ya faru, ta yanke yadda za a yi da awon 'yarki. Ina kyautata zaton daga yau in kin tsaya gaban iyaye za ki yi musu magana da tausayi, don kin san yadda kwano ke cika a gidan da ake son yaro.

Saura tambayar da Luba ta yi miki a mota, wadda kika rufe da rediyo. Har yanzu tana jiran amsa, kuma ba da baki kaɗai za ki ba ta ba. Gobe ki je makarantar lokacin tashi, ba takunkumi, ba takarda a hannu. Ki tsaya a bakin ƙofa inda ƙawayenta suke. Kar ki jira ta kira ki. Ke za ki kira sunanta, da ƙarfi, kowa ya ji.

Allah ya raya Luba cikin lafiya, ya jiƙan Nababa, ya ba ki sa'ar karatu.

Anti Maimunat