Maganin Inna a Gwangwanin Tsaba

Zuwa ga Yaya Malam Sabi'u,

Assalamu alaikum. Gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Mutanen Kutama suna lafiya. Damina ta yi kyau, geron gonarka ta bayan makaranta har ya fitar da kai.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Likita ya auna ta a Gwarzo, ya ce hawan jini ne, irin wanda ya ɗauke ka. Ya rubuta mata ƙwaya ɗaya kullum da safe, ko ta ji ciwo ko ba ta ji ba.

A zaman makokinka na ji wani dattijo yana cewa, "Malam da saninsa, ya bar magani?" Gaskiya ne, ka sani. Kai ne kake tsayawa a ƙofar masallaci kana yi wa mutane bayani cewa wannan ciwo ba ya sallama, yana iya cin mutum bai ji komai ba. Amma kai daga asuba sai gona, daga gona sai ajin Islamiyya, magani kuwa yana aljihun rigar Juma'a. In na bugo waya na tambaya, sai ka yi dariya ka ce, "Ɗan jarida, yau ni ne labarin? Da sauƙi."

Bayan rasuwarka na koma karanta abin da masana halayyar ɗan Adam suka rubuta kan tazarar da ke tsakanin sani da aiki. Bayaninsu ya sanyaya mini rai game da kai. Abin da mutum ya saba yi, jiki kan yi shi ba sai an tuna ba. Sabon aiki kuwa sai an tuna da shi kowace safiya, kuma ciwon da ba ya zafi ba ya tunatar da kowa. Niyya takan tabbata ne in aka ɗaure ta da lokaci da wuri, aka jingina ta da abin da mutum ba ya fashinsa. Ba jahilci ba ne ya same ka, Yaya, ba kuma taurin kai ba. Safiyarka ce ba ta da gurbin ƙwayar nan.

Inna ta fi kowa sanin haɗarin, a gabanta aka fita da kai. Duk da haka da na zo gida na tarar da maganinta kusan bai taɓu ba. Ta ce, "Mantuwa ce, Habibu, ba ƙi ba ne. Ni ban ji komai ba." Muryarka na ji a bakinta.

Ban yi mata wa'azi ba. Na zauna na kalli safiyarta. Tana idar da lazimi sai ta buɗe akurki, ta sauko da gwangwanin tsaba daga ƙusa, ta watsa wa kaji. Ko zazzaɓi take yi ba ta bar wa kowa wannan ba. Sai na ƙulle maganin a leda na sa cikin gwangwanin, na ajiye kofi kusa da randa. Ta harare ni ta ce, "To, yanzu ni da kaji kwanonmu ɗaya ke nan?"

Amma tana sha. Da muka koma awo, likita ya ce jinin ya sauka.

Ka tuna kajin? Zuriyar 'yar kazar nan ce da ka sayo mata a kasuwar Gwarzo, wadda na yi ta yi maka tsiya cewa ba za ta kai sallah ba. Har yau Inna ba ta faɗin sunanka, kunyar ɗan fari ba ta sake ta ba. Jiya da na bugo mata waya, sai ta riga ni magana: "Kajin wancan sun ci, ni ma na sha."

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka ladan abin da ka koyar da na abin da ka bari yana aiki. Ya bar mana Inna cikin lafiya.

Ƙaninka,
Habibu