Ƙwarin Juwairiyya

Litinin, 15 ga Afrilu 2024
Ɗana Sagiru ya kawo matarsa Juwairiyya nan Gaya, za ta zauna wurina har damina. Binciken jami'a take yi a kan ƙwarin da ke huda itace. Da na ga kwalaben ƙwarin da ta jera a ɗaki, kasa cin tuwo na yi. Na kawar da kai dai. Suruka ce.

Alhamis, 18 ga Afrilu
Tun da safe ta hau babur zuwa Toranke, ta dawo la'asar, ƙafa duk ƙaya. Ko zama ba ta yi ba ta karɓi tankaɗe daga hannuna. Wai a nan ƙwarin sun fi kama mangwaro da ɗorawa, can wajen Ajingi kuwa busasshen gawo. Darbejiya ba su cika kula ta ba. Na koyar a firamare har na yi ritaya, ban taɓa sani ba.

Asabar, 27 ga Afrilu
Mangwaron tsakar gida, wanda marigayi Malam ya dasa shekarar da muka tare, reshensa na gabas ya bushe. Sagiru a waya: "Inna, a sare kawai kafin ya faɗo wa wani." Na kashe wayar.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Ashe Juwairiyya ta ji. Ta durƙusa a gindin mangwaron tana shafa ɓawon, ta nuna min gari kamar na zarto yana zubowa daga wasu ƙananan ramuka. "Inna, tsutsa ce a ciki. Ki ba ni dama kafin a kira mai gatari." Ta lanƙwasa wayar ƙarfe tana zurawa a hankali, rami bayan rami, rana na dukanta. Ta zaro wata farar tsutsa, kaurin yatsana. Na yi salati. Ita kuwa dariya, har da cewa, "Sannu, baƙuwa." Ta cusa auduga da magani, ta liƙe da laka. Reshen nan kaɗai ta ce a sare a ƙone.


Talata, 21 ga Mayu
Ruwan farko. Ban ga sabon gari a gindin ba. Ta ce kada mu yi murna tukuna.

Juma'a, 14 ga Yuni
Sabon toho, ja-ja, daidai inda aka sare. Na daɗe a tsaye.

Laraba, 19 ga Yuni
Na je barka Kademi. A hanyar dawowa na ga wani ƙwaro mai dogayen ƙahonni a jikin ɗorawa, bayansa kamar an yi masa zane. Na ƙulle shi a bakin mayafi, Hanne maƙwabciyata tana ta kallona. Da na kwance mata shi a gida, Juwairiyya ta yi tsalle, wai ba ta da irinsa. Ta ce a wace bishiya? Na faɗa mata, har da gefen da yake.
Ba wai ƙwarin sun burge ni ba ne. Gobe za ta Gafasa, na ce ta tashe ni. Ina da 'yar'uwa a can da na daɗe ban gani ba.