Kogi Ya Doso Makwancinki, Umma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Daga Birmingham nake rubuto miki, daga ɗan flat ɗinmu na Sparkbrook. Na san ba a aika wa mamaci takarda, amma magana ta taso wadda ta shafe ki. Kogi ya doso makabartar garinmu, kuma Yaya Sani ya ce ni zan faɗa, ko a ɗauke ki ko a bar ki.

Ki yi haƙuri in ɗan yi zagaye kafin in zo kanta, kin san halina.

Kin tuna ranar da na samu gurbin karatu a Manchester? Kina tsince shinkafa na faɗa miki abin da zan karanta. Kika ɗago kika ce, "Yashin da muke sharewa kullum a tsakar gida, shi za ki hau jirgi ki je ki karanta?" Amma da maƙwabta suka shigo, sai na ji kina cewa Hadiza za ta Ingila karatun man fetur. Kin ga ya fi daɗin faɗa.

Duk Juma'a in na kira ki sai kin sa na sake yi miki bayani. Na ce miki idan kogi ya iso bakin teku gajiya yake yi, sai ya rarrabu kamar yatsun hannu ya sauke kayansa. Yashi mai kaushi ke fara kwantawa, sai mai laushi, laka ta zo a ƙarshe, kamar ƙullun kamu idan an bar shi ya kwanta. Haka za su yi ta hawa kan juna har su zama dutse. Yashin yana da 'yan ƙofofi, a ciki mai yake zama, lakar da ke sama kuma ta hana shi gudu. Kika ce, "Wato tukunya da murfi. To Allah ya sa da rabonki a tukunyar."

Tsaunukan gabas da Manchester duk tsohon bakin kogi ne da ya zama dutse. Can ake kai mu da guduma da abin awo, muna bin shimfiɗar dutse ɗaya bayan ɗaya, ruwan sama na dukan mu. Waya ba ta kamawa a wurin. Can nake safiyar da kika cika. Kafin in sauko tashar jirgin ƙasa wayata ta farfaɗo, har an dawo daga kai ki. Ban ga laifin kowa ba, haka muke yi, ba ma ajiye namu. Ko ina gida ma ba zan bi makara ba. Amma da ni zan zuba miki ruwan wanka, Umma. Wannan ne bai bar ni ba har yau.

Tukunyar kuwa babu rabona a ciki tukuna. Kafin in gama, farashin mai ya faɗi, kamfanoni sallamar mutane suke yi, ba ɗauka ba. Gwamnatin nan ma ta ɗaure wa kowa ciki, har laburaren unguwarmu hukumar birni ta rage masa kwanakin buɗewa. Yanzu a wani gidan kula da tsofaffi nake aiki a Handsworth. Ina yi wa iyayen wasu wanka, ina taje musu kai. Baban Ummi, surukinki, yana tsokanata wai Dakta mai yashi ta koma Dakta mai soso. Nakan yi dariya. Wani lokaci kuma in na riƙe hannun wata tsohuwa sai in juya fuska bango don kada ta ga idona.

Ban taɓa ganin kabarinki ba. A hoton tauraron ɗan'adam Yaya ya kwatanta mini wurin, gabas da tsamiyar nan, ta ɓangaren gaɓa. Tun daga nan nakan buɗe in duba ki idan kewa ta ishe ni. Shi ya sa na riga su gani. Na jera tsofaffin hotuna da sababbi, sai ga gwiwar kogin tana matsowa.

Haka kogi yake a inda ya lanƙwasa. Ta bayan gwiwar yake cin gaɓa, ta cikin gwiwar yake ajiye yashi. Wannan yashin da yake ajiyewa tsabtatacce ne, yana cikin mafi kyawun ma'ajiyar mai, babi guda na rubuta a kansa a kundin digirina ina yabonsa. A jikin dutse abin gwanin sha'awa ne. Ke kuma ta bayan gwiwar aka kwantar da ke.

Bara mazan gari sun yi gayya, Allah ya saka musu. Sun cika buhuna da yashi sun jera a saman gaɓar, Kawu Bala, yayanki, yana gaba. Da Yaya ya turo mini hoton, sai da na dafe kai. A gindin gaɓar suka ɗebi yashin, don nan ya fi kusa. Kogi kuwa ta ƙasa yake ci. Sun rage mata ƙafa sun ƙara mata kaya a ka. Ban iya faɗa wa Kawu haka ba, dattijo ne da ya wuni yana ɗaukar buhu saboda ke.

Da ruwa ya ja baya aka ga gaɓar ta tsage, Yaya ya kira ni. Ya ce liman ya ce in dai ruwa zai ci, ya halatta a ɗauke na bakin gaɓa, kowane gida ya yanke wa nasa. Kawu kuma ya rantse ba mai taɓa masa ƙanwa. Yaya ya ce, "Ke kika karanci kogi, Hadiza. Me kika gani?"

Wallahi, Umma, na nemi hanyar da zan ce a bar ki. Wani lokaci kogi yakan yanke ta gajeriyar hanya ya bar gwiwarsa ta zama tafki, na yi ta addu'a hakan ta faru. Na hau jirgin ƙasa har Manchester na nuna wa tsohon malamina hotunan, ko zai ga abin da ban gani ba. Ya daɗe yana kallo, ya cire tabarau, ya ce in yi haƙuri. Ko wannan daminar, ko mai zuwa. Ba wanda zai iya ce miki wacce.

Na ce wa Yaya a ɗauke ki kafin ruwan fari.

Kawu ya daina ɗaukar wayata. Shekaranjiya kuma sai ya aiko Yaya ya faɗa mini cewa tunda haka ne, shi zai shiga ramin da kansa, ba zai bar wa yara ba. An zaɓi tudun bayan filin Idi, inda ruwa ba ya kaiwa. Ranar Asabar da hantsi za a yi.

Ni kuma fasfo ɗina yana ofishin sabunta izinin zama, in na janye shi na fita, ba lalle in dawo wurin jikarki ba. Wannan karon ma ba na nan. Har hutun ranar ban samu ba, ina bakin aiki.

Saboda haka, Umma, idan kin ji motsi a kanki ranar Asabar, kada ki damu. Hannun Kawu ne da na Yaya, za su ɗauke ki a hankali. Ni na ce a yi. Idan na tashe ki a banza, ki yafe mini, na kasa zama in jira in gani ne.

Allah ya sa sabon makwancin ya fi na da yalwa da haske. Allah ya kai miki rahama duk inda aka kwantar da ke, ya ba ni ikon zuwa in tsaya daga nesa in yi miki addu'a da bakina. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza